ƘOFOFIN DA KE JIKIN ƊAN ADAM: Yadda Canjin Ƙwaya Ɗaya Tak Ke Jawo Cuta Ko Kariya

Daga Wakilinmu

A Yalwa da sauran ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya, da wuya a sami unguwar da ba a san amosanin jini ba, watau cutar nan da mutanen birni suke kira sikila. An san yaron da yake kwana kuka saboda ciwon ƙashi in hunturu ya kama, an san idon da ya yi rawaya da cikin da ya kumbura, an kuma san uwar da ta binne 'ya'ya biyu ko uku a jere har aka soma ce mata mai wabi. Abin da yawancin jama'a ba su sani ba shi ne, duk wannan wahala ta samo asali ne daga canjin abu ɗaya tak, wanda ƙanƙantarsa ta kai ko da madubin likita ba a iya ganinsa.

Masana kimiyya sun shafe shekaru fiye da sittin suna bin diddigin irin wannan ƙaramin canji, kuma binciken ya kai su ga wani sashe na jiki da ba kasafai ake maganarsa ba, watau ƙofofin da ke bisa fatar ƙwayoyin halitta. Ta waɗannan ƙofofi ne abincin jiki yake shiga, ta nan ne kuma cuta take samun hanya. Yana da kyau ma'aikaci da ɗalibi su fahimci yadda abin yake, domin maganar ta shafi aure, ta shafi magani, ta kuma shafi zazzaɓin da muke fama da shi kowace damina.

CARBI MAI ƘWAYA IRI ASHIRIN

Jikin babban mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. A cikin kowace ƙwaya, ma'aikatan da suke gudanar da kusan dukkan ayyuka su ne sinadaran da ake kira furotin. Mai karatu ya ɗauki furotin kamar carbi ne, wanda aka jera ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya a zare. Su waɗannan ƙwayoyin carbi su ne ake kira amino asid, kuma iri 20 ne. Wani yana son ruwa, wani yana gudunsa, wani babba ne, wani ƙarami. Bayan an gama jera su, sai carbin ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa, kuma siffar nan ita ce aikinsa. Tsarin jerin kuwa a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado da mutum ya samu, rabi daga uwa rabi daga uba.

To, a cikin jan jini akwai furotin mai suna himogulobin, wanda yake ɗaukar iskar numfashi ya kai ta ko'ina a jiki. Ɗaya daga cikin carbinsa yana da ƙwaya 146. A shekarar 1949, wani masani na Amurka mai suna Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin na mai amosanin jini ya bambanta da na sauran mutane. Sa'an nan a tsakanin 1956 da 1957, Vernon Ingram a Jami'ar Kambirij ta Ingila ya gano ainihin inda bambancin yake: ƙwaya ta 6 ce kaɗai ta canja. Inda ya kamata a sami gulutamik asid, mai son ruwa, sai aka sami balin, mai gudun ruwa. Wannan shi ke sa himogulobin ya manne wa juna in iskar numfashi ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Sauran ƙwayoyi 145 kuwa suna nan lafiyarsu lau.

Wani abin mamaki kuma, in a wannan gurbi na 6 aka sami wata ƙwayar daban mai suna laisin, sai a sami nau'in jinin da ake kira C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, kuma cutarsa ba ta kai ta amosanin jini tsanani ba. Watau gurbi ɗaya ne, amma abin da ya zauna a cikinsa shi ke yanke hukunci.

ABIN DA AKA GANI A GARKI

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga tasirin wannan canji. Daga 1969 zuwa 1976, Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun gudanar da wani gagarumin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, amma tun 1991 ta faɗa Jihar Jigawa. Cikin masu binciken akwai Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya duba jinin mutanen ƙauyukan.

Abin da aka samu ya isa abin lura. Cikin jariran da aka haifa, kimanin biyu cikin ɗari suna da cikakken amosanin jini, watau SS, amma da aka duba yara manya da magidanta, sai aka tarar da ƙyar ake samun mai shi, domin yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana. Masu rabin gadon kuwa, watau AS, sun kai kashi 24 cikin ɗari a jarirai, amma a waɗanda suka girma sai adadin ya haura zuwa kashi 29. Ma'anar wannan ita ce masu AS sun fi sauran yara tsira daga mummunan zazzaɓi, kamar yadda Anthony Allison ya bayyana tun 1954 bayan bincikensa a Gabashin Afirka. Canjin da yake halaka wanda ya gaje shi ta uwa da uba, shi ne yake kāre wanda ya gaje shi ta gefe ɗaya. Shi ya sa gadon bai ɓace daga ƙasar Hausa ba.

SARKIN ƘOFA DA RAMIN SHIGA

Yanzu sai mu koma ga ƙofofi. Kowace ƙwayar halitta tana kewaye da wata siririyar fata, tamkar ganuwar tsofaffin biranenmu. Ƙananan abubuwa kamar ruwa da iska suna da hanyoyinsu na ratsawa, amma manyan kaya ba sa shiga sai da izni. A bisa fatar akwai wasu furotin da suke tsaye kamar sarakunan ƙofa, kai a waje, wutsiya a ciki. Za mu kira su makarɓa, domin aikinsu shi ne karɓar kaya ko saƙo, kuma kowane makarɓi ya san kayansa, ba ya taɓa na wani.

Amma fa karɓa rabin aiki ne, saura shigarwa. Nan da can a bisa fatar akwai 'yan ramuka waɗanda aka yi wa saƙa ta ciki kamar kwando, da wani furotin mai suna kilatirin, wanda wata masaniya ta Kambirij, Barbara Pearse, ta ware ta kuma raɗa wa suna a tsakiyar shekarun 1970. Makarɓi yakan gangara da kayansa cikin ramin, sai ramin ya zurfafa, bakinsa ya tsuke, ya yanke ya zama 'yar jaka a cikin ƙwayar. A can ciki sai a sauke kayan, shi kuma makarɓin ya komo bakin ganuwa ya jira wani. Abin tambaya shi ne, yaya makarɓi yake sanin hanyar rami? Amsar ta fito ne daga wani yaro maras lafiya a Amurka.

LABARIN YARON DA AKE KIRA J.D.

Akwai wata cuta ta gado wadda kitsen jini, watau kolestarol, yake taruwa fiye da kima, har ya toshe hanyoyin jinin zuciya. A da ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 500 yana ɗauke da rabin gadonta, amma ƙididdigar baya-bayan nan ta nuna abin ya kusa ɗaya cikin 250. Wanda ya gaje ta ta gefe biyu kuwa yakan kamu da ciwon zuciya tun yana yaro.

A farkon shekarun 1970, likitoci biyu a birnin Dalas na Jihar Teksas, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka gano cewa akwai makarɓi na musamman wanda yake kwashe wannan kitse daga jini ya shigar da shi ƙwayoyin halitta, musamman na hanta. Carbinsa yana da ƙwaya 839, kuma 50 na ƙarshe su ne wutsiyar da take cikin ƙwayar halitta. Yakan shiga ya fito cikin kimanin minti 10, kuma yana rayuwa kimanin awa 20, watau yakan yi sawu sama da ɗari kafin ya tsufa. Yawancin masu cutar da suka bincika, ko dai ba su da makarɓin sam, ko kuwa suna da shi amma ba ya iya riƙe kaya.

A 1976 sai suka gamu da wani majinyaci da suka sakaya sunansa da haruffa J.D., wanda lamarinsa ya sha bamban. Makarɓansa suna nan, suna kama kitsen daram, amma kayan ba ya shiga. Abokin aikinsu Richard Anderson ya duba da babban madubi mai aiki da lantarki, sai ya ga abin da ke faruwa. A jikin mai lafiya, ramukan shiga ba su wuce kimanin kashi 2 cikin ɗari na faɗin fatar ƙwayar ba, amma fiye da rabin makarɓan a nan suke taruwa. A jikin J.D. kuwa makarɓan a warwatse suke ko'ina, kamar 'yan dako da suka ɗauki kaya suka rasa ƙofar sito.

Sai a 1986 aka gano dalili. Ƙwaya ta 807, wadda take cikin wutsiya, ita ce ta canja: maimakon tairosin sai aka sami sistin. Bincike na gaba ya nuna cewa wannan tairosin tana cikin wani ɗan gajeren jeri wanda yake zaman takardar izni, wanda wasu furotin na ciki suke kamawa su ja makarɓin zuwa rami. In babu ita, ba mai jan sa. Shekara ɗaya kafin wannan, watau a 1985, an riga an ba Brown da Goldstein lambar yabo ta Nobel saboda aikinsu.

Amfanin wannan ilmi bai tsaya a ɗakin bincike ba. Magungunan rage kitsen jini da ake kira satatin, waɗanda Akira Endo na Japan ya gano na farkonsu a shekarun 1970, kuma aka soma sayar da irinsu a Amurka a 1987, suna aiki ne ta hanyar sa hanta ta ƙara yawan makarɓan nan. Har ila yau, a 2003 masana suka gano wani furotin mai suna PCSK9, wanda yake manne wa makarɓin ya hana shi komowa waje bayan ya shiga, sai a narkar da shi a ciki. A 2006 aka buga sakamakon wani dogon bincike a Amurka, inda aka ga wasu baƙaƙen fata, kimanin biyu zuwa uku cikin ɗari, suna da wani canji da ya gurgunta wannan furotin. Mugun kitsen jininsu ya gaza na sauran da kashi 28 cikin ɗari, haɗarin ciwon zuciya kuwa ya ragu da kashi 88. Daga wannan gado na 'yan asalin Afirka ne aka sami ƙwarin guiwar yin sababbin alluran rage kitse da aka amince da su a 2015.

AUREN ZUMUNCI DA MAKARƁIN ƘARFE

Wani misalin ya fi kusa da al'adarmu. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe domin yin jini da gina sojojin da suke yaƙar cuta, kuma shi ma ƙarfen yana da makarɓinsa, mai takardar izni a wutsiya. A 2016, likitoci a Asibitin Yara na Boston suka bayyana labarin wasu iyalai daga Kuwaiti da Saudiyya, waɗanda 'ya'yansu suke fama da gudawa da cututtukan ƙirji ba ƙaƙƙautawa tun suna jarirai. Da aka bincika, sai aka ga ƙwaya ta 20 ta makarɓin ƙarfe ta canja daga tairosin zuwa histidin. Makarɓan sun yi cincirindo a bakin ganuwa fiye da na mai lafiya, amma ƙarfen ba ya shiga yadda ya kamata, saboda haka fararen ƙwayoyin jini suka kasa yaɗuwa. Iyayen yaran lafiyarsu ƙalau, sai dai 'yan'uwa ne na jini, kowannensu yana ɗauke da rabin gadon bai sani ba.

Auren zumunci abu ne sananne a ƙasar Hausa da Fulani, yana kuma da amfaninsa wajen ƙulla dangi. Amma gaskiya ɗaya ce, in uwa da uba kakansu ɗaya, damar su haɗu a kan ɓoyayyen gado iri ɗaya ta fi yawa. Wannan ba ya nufin a la'anci al'ada. Yana nufin gidan da aka ga yara suna mutuwa a jere da ciwo iri ɗaya ya kamata ya nemi likita kafin ya zargi maye ko iska.

ƁARAWO MA TA ƘOFA YAKE SHIGA

Ƙwayoyin cuta ma sun san darajar waɗannan ƙofofi. Zazzaɓin cizon sauro iri-iri ne. Akwai nau'in da ake kira bibas, wanda ya addabi Indiya da Kudancin Amurka, amma ya yi ƙaranci ƙwarai a Yammacin Afirka. A 1976, Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wannan nau'i yana bukatar wani makarɓi mai suna Dafi a bisa jan jini kafin ya shiga, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen Yammacin Afirka ba su da shi a jan jininsu. A 1995 aka gano cewa a nan ba ƙwayar carbi ce ta canja ba, harafi ɗaya ne a makunnin da yake ba da umurnin ƙera makarɓin. Watau an toshe ƙofar gaba ɗaya.

Sai dai kada manomin Yalwa ya saki jiki ya jefar da gidan sauro. Nau'in da yake kashe yaranmu, watau falsifaram, yana da wasu ƙofofin nasa daban, kuma toshewar Dafi ba ta hana shi komai. Bugu da ƙari, tun 2010 aka tabbatar a Madagaska cewa bibas ɗin ma yakan kama wasu marasa Dafi, daga baya aka sami irin wannan rahoto daga Habasha da wasu ƙasashen Afirka. Wani abin da ya kamata ma'aikatan ɗakin gwaji su riƙe kuma shi ne, marasa Dafi sukan kasance da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini in aka gwada su da ma'aunin Turawa, alhali lafiyarsu lau.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Barno ta yanzu, shi ma haka yake. Ƙwayar cutar takan kama wani makarɓi a waje, a haɗiye ta zuwa cikin jaka, sa'an nan ta sake kama wani furotin na biyu a can ciki kafin ta fasa ta fita. A 2014 aka gano cewa ƙwayoyin halittar kaza ba sa kamuwa da ita saboda wannan furotin na biyu a jikin tsuntsaye ya rasa wani gurbi guda da ƙwayar cutar take riƙewa. Ɓera da mutum kuwa suna da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Daga duk bayanan nan, akwai abubuwan da suke hannunmu. Na farko shi ne gwajin jini kafin aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu amosanin jini a Nijeriya kowace shekara. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai in an sami ɗaya sauran ukun sun tsira ba. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, wanda ya haɗa da gwajin nau'in jini. Doka kuwa ba ta aiki da kanta. Sai limamai da masu unguwanni da waliyyai sun tsaya a kanta, sai kuma an tabbatar mutumin Yalwa ko na ƙauyen Kibiya zai sami gwaji ingantacce a kusa da shi, kan kuɗin da zai iya biya, tun kafin a kai kayan sa rana. Gwajin da aka yi ana jibi ɗaurin aure ba ya hana komai, sai dai ya jawo rigima.

Na biyu ya shafi ma'aikata masu zaman ofis. Duk wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya faɗi da ciwon zuciya tun bai kai shekara 55 ba, ko wanda ya ga wasu ƙulalai masu tauri a agararsa ko a bayan yatsun hannunsa, ya kamata ya je a auna kitsen jininsa. Rama ba shaidar tsira ba ce a nan, domin matsalar a ƙofa take, kuma siriri ma yana iya gadonta. In an gano da wuri, akwai magani.

Na uku kuwa na ɗalibai ne. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado tsakanin mutanenta, amma mafi yawan binciken da aka yi a duniya a kan jinin Turawa aka yi shi. A 2020 wani rukunin masana na Afirka ya karanta cikakken gadon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, sai ga canje-canje sababbi fiye da miliyan 3 waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Wannan ya nuna irin faɗin gonar da take jiran masu noma. Muna da Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, muna da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma binciken Garki ya riga ya nuna cewa ƙauyen ƙasar Kano yana iya koya wa duniya darasi. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, sun kuma ce rigakafi ya fi magani. Yaron da yake ajin kimiyya a Rano yau, in ya sami malami da kayan aiki, babu abin da zai hana ya zama shi ne zai karanta carbin mutanensa. Allah ya ba mu lafiya da zuriya mai albarka, amin.